"Me ke damunka?" da "Me ya same ka?" ba ɗaya ba ne

Akwai tambayoyi biyu a Hausa da baƙo zai zaci ma'anarsu ɗaya, amma duk wanda ya taɓa zama a aji ya san ba haka ba ne. Idan malami ya ɗaga murya ya ce, "Wai kai me ke damunka ne?" ba amsa yake nema ba. Ya riga ya yanke hukunci, kai ne matsalar, abin da ya rage bulala. Idan kuwa mahaifiyarka ta ga ka shigo gida kana ɗingishi ta ce, "Subhanallahi, me ya same ka?" ita a wurinta wani abu ne ya faɗo maka, kuma so take ta ji.

Ƙannena 'yan sakandare, sai da na shiga aji biyu a jami'a, a tsangayar ilimi, na gano cewa akwai fanni guda na aikin ba da shawara da aka gina kacokan a kan sauya tambayar farko da ta biyu. Masu wannan aiki sun ce kafin ka kira yaro mai taurin kai, ko ka kira yarinya mai iskokai, fara neman sanin abin da ya ratsa ta kansu. Ni ɗan Yammedi ne a Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, kuma tun da na fara karanta wannan fanni nake ganin fuskokin mutanen da na sani a cikinsa.

Aikin gida ne ya haɗa ni da sunan Dokta Fatima Akilu. An ce kowa ya nemo masanin halayyar ɗan Adam guda ya yi rubutu a kansa. Yawancin 'yan ajinmu suka ɗauko Turawan da ke cikin littafi, waɗanda suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Ni kuma na ce sai na samo wanda ya san zafin ranarmu. Dokta Fatima ta yi digirin digirgir a fannin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Reading da ke Ingila. Ta yi aiki da matasa a Landan, ta yi aiki a asibitin masu taɓin hankali a Amurka, sannan ta dawo gida. Wani abin da ya burge ni shi ne marubuciyar littattafan yara ce. Wanda ya iya rubuta wa yaro labari, ya san yadda ake durƙusawa a yi magana daidai tsayin yaro.

Daga 2012 zuwa 2015 ta riƙe wani sashe a ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, inda ta jagoranci shirin yaƙar tsattsauran ra'ayi ba da bindiga ba. A wannan aiki ne ta zauna da 'yan Boko Haram da ke tsare a gidan yari, ta kuma kula da ɗaruruwan mata da yaran da sojoji suka kuɓutar daga dajin Sambisa a 2015. Bayan ta bar gwamnati, a 2016 ta kafa Gidauniyar Neem. Kalmar nan kuwa ba wata baƙuwa ba ce, darbejiya ce da Turanci, itaciyar da ke ƙofar kusan kowace makaranta tamu, mai ɗacin ganye da sanyin inuwa.

Kafin in ci gaba da labarinta, bari in nuna muku abin da ya sa bai zama mini labarin Barno kawai ba.

Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mu a yammacin Kano, Ƙanƙara ba wata duniya ba ce, ka wuce Malumfashi kaɗan ka isa. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sake ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara, nan take gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma, har da ta Ƙaraye. Ina aji huɗu a lokacin, a wata makarantar jeka-ka-dawo. A wannan zangon ne aka kawo mana wani sabon ɗalibi, iyayensa sun taso daga wani ƙauye can wajen Faskari sun dawo wurin dangi. Yaro ne mai tsabta, rubutunsa kamar na inji, lissafi kuwa ba a magana. Amma yana da hali guda. Ranar kasuwa, idan 'yan acaɓa suka jero huɗu ko biyar suka wuce ta bayan aji, sai ka neme shi a kan benci ka rasa. Yana ƙarƙashin tebur, ya dunƙule, jikinsa na rawa. Wata rana ma ta taga ya fice. 'Yan aji suka sa masa suna Zomo. Wani malami ya ɗauka iskanci ne da neman ba da dariya, ya zane shi sau biyu a gaban kowa. Kuma tambayar da yake yi masa yana dukan ita ce waccan ta farko.

Yanzu na san sunan abin da ke faruwa a jikinsa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da bai wuce ƙwayar gyaɗa mai girma ba, masana na kiransa amigidala. Shi ne mai gadin jiki. Da ya hango hatsari sai ya kaɗa ƙararrawa, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugu da sauri, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure, mutum ya shirya ɗayan uku: ya yi faɗa, ya ruga, ko ya sandare wuri ɗaya. Duk wannan yana gama faruwa kafin sashen da ke yin tunani ya ce uffan. Rahama ce, don ita ke sa ka yi tsalle kafin ka tabbatar maciji ne ko igiya. Amma wanda ya ga tashin hankalin da ya fi ƙarfinsa, mai gadinsa kan ƙi komawa barci. A ƙauyensu yaron nan, jerin babura ma'anarsa ɗaya ce. Kansa ya san yana ƙasar Ƙaraye, ranar kasuwa ce, 'yan acaɓa ne ke neman abinci. Jikinsa ne bai yarda ba. To bulala me za ta koya wa jikin da ya riga ya yi imani cewa duniya wurin duka ce? Tabbatar masa kawai za ta yi.

Hausa tana da kalmar da ta fi duk wata ta Turanci da na karanta dacewa da wannan: fami. Kowa ya san yadda yake idan ƙafa na da miki ya fara kamewa, sai wani ya taka. Sau da yawa famin ya fi ciwon farko zafi. Idan za a taƙaice wa Bahaushe irin aikin su Dokta Fatima, sai a ce ba da shawara ne mai gudun fami.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a wannan fanni shi ne ba a matsa wa mutum ya ba da labari. Mu kuwa mun saba da akasin haka. Da an sako wanda aka sace, gida ya cika, kowa da tambayarsa. Sun dake ka? Me suke ba ku ku ci? Ke kuma, sun taɓa ki? Ya faɗa wa kawu, ya faɗa wa maƙwabci, ya faɗa wa ɗan jarida, kowane faɗi kuma komawa dajin ne. A da, su kansu masana sun ɗauka cewa tara waɗanda bala'i ya faɗa wa nan da nan a sa kowa ya zayyana abin da ya gani yana rage nauyi. Da aka bincika sai aka ga ba ya hana ciwon, wasu ma ƙara musu yake. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan wannan hanya. Mai ba da shawara na ƙwarai yakan gaya wa mutum tun farko cewa ba dole ne ya faɗi komai yau ba, kuma duk inda ya ce a tsaya za a tsaya.

Dalilin wannan shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa a raina. Me ya haɗa wanda aka sace, da wadda aka yi wa fyaɗe, da yaron da ake jibga kullum a gida, da wanda jirgin ruwa ya kife da su yana kallon ɗan'uwansa na nutsewa? Dukansu an ƙwace musu zaɓi. A wannan lokacin, "a'a" ɗinsu ba ta da wani amfani. Saboda haka duk wanda ya zo da sunan taimako ya sake ƙwace musu zaɓi, ko da niyyarsa fara ce tas, ya taka mikin. Shi ya sa za ka ga ƙwararre yana yin wasu tambayoyi da za ka ɗauka ɓata lokaci ne. A ina kake so ka zauna? A bar ƙofa a buɗe ko a tura ta? Kina so yayarki ta zauna tare da mu? Mace kike so ki yi magana da ita ko ba damuwa? Kowace amsa da mutum ya bayar aka bi, ana mayar masa da ɗan abin da aka ƙwace ne.

Wata malamar Hausa da muke da ita ba ta taɓa jin sunan wannan fanni ba, na tabbata, amma ita ta yi aiki da shi. Ba ta kira yaron nan ofis ba, ba ta tambaye shi labarin ƙauyensu ba. Ana tashi tara ta tsayar da shi a baranda ta ce, "Ɗana, wane wuri ne ya fi maka daɗin zama a ajin nan?" Ya yi shiru, can ya ce, "Malama, kusa da ƙofa." Ta sauya masa wuri da wani. Ta ce duk lokacin da ya ji ƙirjinsa ya cika ya fita ya sha iska ya dawo, ba sai ya ɗaga hannu ba. Sannan ta shigo ta ce duk wanda ta sake jin ya ce Zomo, ita da shi. Bai warke a mako guda ba. Har muka gama aji biyar yana zabura. Amma ya daina shiga ƙarƙashin tebur, don ya san hanya a buɗe take, kuma sau da yawa sanin hakan kaɗai ya ishe shi ya zauna.

Irin wannan ne Gidauniyar Neem ta mayar tsari a makarantar Lafiya Sarari da ta buɗe a Maiduguri a 2017, don 'yan matan da rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita. Ana koyar da darussan da kowace makaranta ke koyarwa, amma akwai masu ba da shawara a ciki, kuma zane da wasa da motsa jiki suna cikin maganin. Yarinyar da bakinta ya kasa furta abu, wani lokaci hannunta kan zana shi.

Kada kuma ku ɗauka sai wanda ya ji ƙarar bindiga. A Amurka an yi wani babban bincike a kan manya sama da 17,000, wanda aka fara fitar da sakamakonsa a 1998. An tambaye su abubuwan da suka gani suna yara: duka mai tsanani, zagi na ƙasƙanci, cin zarafi, ganin ana dukan uwa, rabuwar iyaye, zama da mashayi a gida. Kusan biyu cikin uku sun ce sun ga aƙalla ɗaya. Kuma yawan abin da mutum ya gani, yawan hatsarin da yake ciki na baƙin ciki mai tsanani, da shaye-shaye, har da ciwon zuciya bayan ya girma. Wannan ba ƙaddara ce da aka rufe ba, mutane da yawa sun ga fiye da haka sun miƙe, musamman waɗanda suka samu babba guda da ya tsaya musu. Amma ku duba jerin nan da kyau ku gaya mini wanne ne babu a unguwarku.

Sai maganar keke. A cikin duk ayyukan Neem, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda suka fara a Barno a 2017, inda masu ba da shawara ke hawa Keke Napep, a-daidaita-sahu dai tamu, su bi mutane har unguwanninsu da garuruwansu. Ba su gina katafaren ofis suka zauna jiran marasa lafiya ba. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san hikimar wannan. A ce yau wata baiwar Allah a Yammedi ta kasa barci wata uku tun rasuwar ɗanta. Asibitin ƙwaƙwalwa da kowa ya sani yana Dawanau, a bakin birnin Kano. Sai ta nemi izini, ta nemi kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, ta nemi mai riƙe mata yara. Wannan duk mai sauƙi ne a kan abu na ƙarshe, wato sunan wurin. Mu da kanmu mun mayar da shi zagi. "Wannan sai Dawanau," in ji mu, a yi dariya. Wace uwa ce za ta yarda a ce an ga 'yarta budurwa a can, alhali tana jiran manema? Ko da kuma kowa ya yarda ya je, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Don haka dole a koya wa mutanen gari. Neem tana horar da waɗanda ba likitoci ba su yi aikin a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, da harshen mutanen, tare da sanin masu unguwanni da malamai. A Zimbabuwe ma wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata, kakanni, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, kuma da aka gwada aka tarar aikinsu na rage ciwon ƙwarai. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da harshensu, fassararsa "yawan tunani". Da na karanta haka sai da na yi murmushi, don kalmar kakata ke nan. Tun kafin su ma, a nan Najeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta a 1954, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasu, suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su.

Mu ma ba da hannu wofi muka zo ba. Muna da zaman makoki, muna da jaje, muna da goggo da ake kai wa ƙara, muna da abokin wasa da zai tsokane ka har ka yi dariya kana cikin hawaye. Abin da nake ganin ya kamata mu sake dubawa shi ne yadda muke amfani da kalmar haƙuri. Haƙuri babban abu ne, ba ni da ja. Amma akwai "yi haƙuri" da ake faɗa bayan an saurare ka, akwai kuma wanda ake faɗa don kada ka fara. Na biyun murfi ne kawai. Mu maza kuma namu murfin ya fi nauyi, tun muna 'yan shekara biyar ake ce mana namiji ba ya kuka. To ina kukan yake zuwa? Wani ya koma faɗa a filin ƙwallo, wani ya koma kwalbar maganin tari.

Ɗaya ɓangaren aikin shi ne kada a bar kowa a waje. Da baki abu ne mai sauƙi, kowa zai ce ƙofarsa a buɗe take. Amma ku zo mu ƙirga waɗanda buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta isa ta shigo da su ba a ƙasar Ƙaraye da Rogo. Kurma, wanda idan mai ba da shawara bai iya maganar hannu ba sai an nemo tafinta, tafintan kuma sau da yawa ɗan gidansu ne, wataƙila ma shi ne mai cutar da shi. Yaron ruga, wanda tun da rikicin daji ya tsananta ake kallonsa da wutsiyar ido a kasuwa, alhali wataƙila shi ma shanun ubansa aka kore. Almajiri, da ba ya cikin rajistar kowace makarantar boko balle ya san akwai malamin ba da shawara. Yarinyar da aka cire daga aji uku aka yi wa aure, wadda ba ta fita sai da izini. 'Yan'uwanmu Hausawa Kirista da ke ƙauyukan yankin nan, waɗanda idan mai ba da shawara ya ɗauka kowa addininsa ɗaya da nasa, za su gaishe shi da ladabi su tafi ba su dawo ba. Shigo da kowa yana nufin ka tashi ka gyara wurin, da lokacin, da harshen, har ya dace da wanda ya fi kowa wahalar zuwa.

Mafi wuya a nan shi ne abin da Dokta Fatima ta yi na zama da waɗanda suka ɗauki makami, da matansu, da 'ya'yan da aka haifa a daji. Mutane da yawa a Barno sun yi fushi da irin wannan shiri, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda aka kashe wa uba yana zaune a sansanin gudun hijira, ya ji ana koya wa tubabbe sana'a, dole ransa ya ɓaci. A ganina duk shirin da ya fifita mai laifi a kan wanda aka zalunta ya karkace, kuma sauraron mutum ba ya share masa hukunci. Amma yaron da aka sace yana ɗan shekara goma aka ɗora masa bindiga, a wane layi za a sa shi? Jaririn da aka haifa a Sambisa fa, da ake nuna shi da baki ana cewa jinin ubansa na jikinsa? Idan aka bar su da mikinsu, ba su kaɗai zai dama ba. Wannan tambaya tana nan tafe gare mu a arewa maso yamma, ko mun so ko mun ƙi.

Na san wani zai ce, to aljanu fa? A makarantun 'yan mata musamman, kowa ya taɓa jin daren da ɗaya ta faɗi tana ihu, kafin asuba goma sun faɗi. Ni ba malamin addini ba ne, kuma ba na raina addu'a, ita ce abin da yawancinmu muke fara kamawa kuma tana sanyaya zuciya. Abin da na sani shi ne firgici na yaɗuwa tsakanin mutanen da ke cikin matsi ɗaya, kuma addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne, kamar yadda ba wanda ke ƙin shan maganin zazzaɓi don ya yi tofi. Inda na tsaya da ƙafa biyu shi ne duka da ɗauri. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin mai irin wannan lalura na a mutunta shi. Wanda aka ɗaure don ya warke daga tsoro, an ƙara masa abin tsoro ne.

To ku da kuke aji uku ko aji biyar, me ya rage muku? Ba ku ne likitoci ba, kada ma wani ya ɗora wa kansa wannan kaya. Amma kusan kullum aboki ne ke fara gani, kafin malami, kafin iyaye. Kai ne ka san wanda ya daina cin abinci a ɗakin cin abinci, ke ce kika san wadda ke firgita cikin dare ko ta koma fitsarin kwance bayan hutu. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar taimakon farko ga wanda ya shiga tashin hankali, ta tattara shi a kalmomi uku: duba, saurara, sada. Ka lura. Ka zauna kusa ba tare da tono ba, ko shiru ne ku yi tare. Idan ya fara magana kada ka katse shi da labarin wani wanda nasa ya fi muni. Sannan ka sada shi da babban da zai iya abin da ba ka iyawa, kuma ka tambaye shi wane babba ya yarda da shi, kada ka zaɓa masa.

Sirri amana ne, abin da aka gaya maka a ƙarƙashin darbejiya ba na dandalin WhatsApp ba ne. Amma yana da iyaka guda biyu, kuma ƙwararru ma suna faɗar su tun kafin a fara magana. Idan aboki ya ce yana tunanin kashe kansa, ko ka gane wani yana cin zarafinsa har yanzu, wannan ba sirrin riƙewa ba ne ko ya sa ka rantse. Ka gaya masa gaskiya cewa ba za ka iya riƙe wannan kai kaɗai ba, ku je wurin babba tare, a ranar. Yawancin mutane firgicinsu na raguwa da kansa cikin 'yan makonni idan suna cikin aminci da kulawa. Idan ya wuce wata guda mutum na mugun mafarki, yana gudun duk abin da ke tuna masa, karatu ya gagara, lokacin ganin ma'aikacin lafiya ya yi. Ana iya farawa daga asibitin da ke kusa su tura mutum gaba. Ban da Dawanau, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda aka yi wa fyaɗe kuma, mace ko namiji, akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke cikin birni, kuma gaggawar zuwa na da muhimmanci, don wasu magungunan kariya ba sa aiki bayan kwana uku.

Masu tunanin abin da za su cike a fom ɗin JAMB, ku sa wannan fanni a lissafi. Ana karanta ilimin halayyar ɗan Adam a jami'o'i irin su Jos da Ibadan, ana karanta aikin ba da shawara a tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Muna buƙatar masu yin sa da Hausa da Fulatanci da maganar hannu, don akwai abin da mutum ba zai taɓa faɗa ta bakin tafinta ba.

Ni dai baɗi in Allah ya kai mu za a tura mu koyarwar gwaji, kuma na riga na nemi a kai ni yankinmu. Makarantu da yawa suna da malamin ba da shawara a takarda, amma sau da yawa teburinsa na tsakiyar ofishin malamai, inda duk wanda ya je wurinsa sai idanu goma sun raka shi, ko kuma shi ne dai malamin horo mai riƙe da dorina. Abin da zan fara roƙon shugaban makaranta shi ne benci guda a wurin da ana hango mutum amma ba a jin maganarsa, da awa ɗaya a mako wadda ba ta ci karo da lokacin tara ba.